Baba Na Son Ganin Abuja Amma a Keke Yake: Mu Kai Shi Ko Mu Haƙura?

Assalamu alaikum. Daga Tudun Wadan Zariya nake rubuto muku. Mahaifinmu tsohon malamin makaranta ne, ya haura shekara 70. Shekara biyu ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Idan an riƙe shi yana miƙewa, yakan yi taku huɗu ko biyar da sanda, sauran tafiya kuwa sai a keken guragu. Kullum maganarsa yana son ya ga Abuja, ya yi salla a Masallacin Ƙasa. Ƙanena yana zaune a Kubwa, don haka akwai masauki, kuma babban yayanmu yana da mota. To amma yayyena sun ce wahala kawai za mu ɗora masa, wai kuma Abuja garin masu kuɗi ne, ko'ina sai an biya. Abin da ke hannunmu bai wuce na mai da abinci ba. Akwai wuraren da za mu kai shi kyauta waɗanda keke zai iya shiga? Ko dai in haƙura?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri.

Kada ki haƙura. Mutumin da yake miƙewa da taimako har ya yi 'yan taku zai iya wannan tafiya, in likitansa ya amince. Maganar kuɗin shiga kuwa ki kwantar da hankalinki, domin mafi yawan abin da ake zuwa kallo a Abuja ba a biyan ko sisi a kansa: duwatsu ne, da manyan gine-gine, da masallaci, da lambu. Sai dai yayyenki ba su yi ƙarya ba da suka ambaci wahala. Tana nan, kuma wuri uku take ɓuya: daɗewa a zaune, da ban ɗaki, da matakala. In kun shirya wa waɗannan ukun, sauran mai sauƙi ne.

Ku fara da asibiti, kamar mako biyu kafin tafiya. Ko asibitin koyarwa na Shika yake zuwa ko wani wurin, ku faɗa wa likita a fili cewa tafiyar mota ce ta awa biyar zuwa shida. Ku tambaye shi abu biyu. Na farko, idan cikin magungunan hawan jininsa akwai mai sa yawan fitsari, ko za a iya jinkirta shansa ranar tafiya har sai an sauka. Kada ku tsallake maganin da kanku don gudun tsayawa a hanya, wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne haɗari. Na biyu, idan yana da ciwon suga, yadda za a daidaita magani da lokacin cin abinci. Ku roƙi a rubuta muku sunan ciwonsa da magungunansa a takarda guda, ku ɗauki hotonta a waya. Sannan ku leƙa wurin masu gashin ƙashi tare da namijin da zai riƙa ɗaga shi, a nuna masa riƙon da ya dace a gaban idonsu. Da safiyar tafiya a auna jininsa. In na sama ya kai 180 ko na ƙasa ya kai 110, aka huta minti goma aka sake aunawa bai sauka ba, to tafiyar ranar ta koma asibiti.

Bayan haka ku gwada abin a nan gida. Ku ɗauke shi a motar da za a yi tafiyar da ita, a kai shi Ƙofar Fada ya ga mutane, a zaga ta Samaru cikin jami'a, a miƙa har Jaji a dawo. Awa biyu zuwa uku ke nan. A nan za ku gane ko keken yana shiga but, ko kujerar motar tana dame shi, bayan minti nawa yake neman fitsari, da yadda jikinsa zai kwana. Idan washegari ya tashi garau, Abuja ta yiwu. Ki sa yayan da ya fi nuna shakka shi ne zai tuƙa a wannan gwaji, gani ya kori ji.

Shi kansa keken yana son dubawa. Ku danne birki biyun, ku tura keken da ƙarfi: in taya ta juya, birkin ya saki, a kai wa mai gyaran keke ya ɗaure. In tayoyin na iska ne a cika su, domin taya mai laushi tana hana birki kamawa, kuma tana ninka wahalar mai turi. Ku ɗaɗɗaure kusoshi, ku cire zare da gashin da kan naɗe a gindin ƙananan tayoyin gaba. Ku auna faɗinsa daga taya zuwa taya. Yawancin kekunan da ake sayarwa a nan suna tsakanin santimita 60 zuwa 70, shi ya sa ƙofar da ba ta kai 80 ba take wahalar shiga, kuma ƙofofin ban ɗaki su ne suka fi ƙuntata. Mazaunin keke leda ce kawai da ke lotsawa a tsakiya, ba a yi ta don zaman yini ba. A yanko soso mai tauri, kaurin santimita 8 zuwa 10, daidai faɗin mazaunin, a sa masa riga ta auduga.

Wani zai ce ku hau jirgin ƙasa. Jirgin yana da daɗin zama, amma daga tashar Rigasa da ke Kaduna yake tashi, ba daga Zariya ba. Ki ƙirga: a sa shi a mota a gida, a sauke shi a tasha, a ɗaga shi cikin tarago, a mayar da shi kujera, a sake saukewa a Kubwa ko Idu, a sake neman wata motar. Kowane ɗagawa dama ce ta faɗuwa, ga gaggawar fasinjoji, ga matakala idan aka tarar lif ba ya aiki. Kuma in kun isa dole ku nemi motar yawo, tunda ba a barin acaɓa da Keke Napep a tsakiyar birnin. Motar gida ta fi muku. In akwai zaɓi, mai matsakaicin tsayi irin Sienna ta fi ƙaramar mota da ake nutsewa a cikinta, ta kuma fi doguwar jif da sai an hau.

Yadda ake sa shi a mota shi ne abin da za ku maimaita sau da yawa, don haka bari mu tsaya a kansa. Kujerar gaba ce tasa. A tura ta baya iyakarta, a ɗan kwantar da bayanta, a shimfiɗa leda mai santsi a kai. A kawo keke kusa da ƙofa a ɗan karkace, a danne birki biyu, a kawar da matakan ƙafa gefe. Kada a taɓa barinsa ya miƙe ƙafarsa tana kan matakin, keken zai tuntsura gaba da shi. A ɗaura masa zani mai ƙarfi ko faffaɗan bel a ƙugu, nan ne wurin riƙo. Mai ɗagawa ya tsaya a gabansa, ya tokare gwiwar daman Baba da gwiwoyinsa don kada ta lanƙwashe, Baba ya matso bakin keke, ya sunkuyo gaba, a ƙirga uku a miƙe tare. Sai a juya a hankali har bayansa ya fuskanci kujera, ya zauna tukuna, wani ya kare masa kai da tafin hannu daga ƙarfen ƙofa, sannan a shigar da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Ledar nan ita za ta sa ya juyu ba tare da an ja shi ba. In ya daidaita a zare ta, don tana tara gumi kuma tana sa zamewa idan an taka birki. Abin da ba a yi ko kusa shi ne jan hannun da ya shanye ko ɗaga shi ta hammata. Naman da ke riƙe kafaɗar ya yi rauni, ja ɗaya zai iya gocar da ita, ciwon kuma ya yi watanni. Tunda dama ce mai rauni, shiga zai fi masa sauƙi don yana tafiya ne wajen hagunsa mai ƙarfi, fita ce take son ƙarin kula. Hannun daman kuma shi ne a jikin ƙofa, ga shi ba lallai ya ji shi sosai ba. A ɗora shi kan filo a cinyarsa, a duba kafin a rufe ƙofa, kowane lokaci.

Daga Zariya zuwa Abuja kusan kilomita 270 ne. Ku tashi da ƙarfe bakwai na safe, kada ku yarda la'asar ta same ku a tsakanin Kaduna da Abuja, saboda tsaro da kuma aikin hanya da ke jawo tsaiko. A tsaya duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu: sau ɗaya a Kaduna, sau ɗaya wajen Tafa. A kowace tsayawa a miƙar da shi ya tsaya minti biyu ko uku riƙe da ƙofar mota. Dalili biyu ne. Ƙafar da ba ta motsi jini yana iya daskarewa a jijiyarta. Sannan fatar mazaunai idan nauyi ya danne ta awa biyu ba sassauci, gyambon kwanciya yana iya farawa, shi kuwa ɓangaren da ya shanye ba ya aiko da zafin da zai sa mutum ya gyara zama. Tsakanin tsayawa, duk rabin awa ya karkata hagu na ɗan lokaci, sannan a taimaka masa ya karkata dama, ya riƙa motsa sawun ƙafa sama da ƙasa.

Tsofaffi suna da wata dabara da ba sa faɗa: sai su ƙi shan ruwa tun daren jiya don kada su ɗora wa 'ya'yansu nauyin kai su bayi. Ƙarshenta jiri, da faɗuwar jini idan an miƙe, da ruɗewa. Maganinta a cire masa fargabar tun a gida. Ku nuna masa kwalbar fitsari mai faɗin baki da murfi, da zanin da za a kare shi da shi a cikin mota, ku ce masa an shirya. Yawancin makewayin gidajen mai na tsuguno ne, mai shanyewar ɓarin jiki kuwa ba ya tsugunawa. Ku tafi da kujerar bayi mai naɗewa. In babu, kujerar roba mai hannu da aka huda tsakiyarta aka goge bakin hujin, a sa bokiti a ƙasa, tana yin aikin. Kunzugun manya a riƙe shi don ko-ta-kwana, amma a yi shawara da shi a keɓe, namiji ya yi masa maganar. Ku haɗa da buta, da sabulu, da kayan sawa na canji a jakar da ke kusa, ba can ƙarƙashin kaya a but ba.

Kallo na farko zai zo muku tun kafin ku shiga birnin. Bayan kun wuce mahaɗar Suleja, kafin Madalla, Dutsen Zuma zai tsaya a gabanku, tsayinsa daga ƙasan da ke kewaye da shi kusan mita 300, ga alamar fuskar mutum a jikinsa, shi ne wanda ke bayan tsohuwar takardar naira 100. A sami fili nesa da kwalta a tsaya, a sauke gilashi. Ba sai an fito da keke ba, gefen babbar hanya ba wurin ɗaga mara lafiya ba ne. Kuma wurin nan ba baƙo ba ne ga Bazazzagi. Lokacin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya yo kudu wajen Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, sai aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, kuma har yau sarautar garin Sarkin Zazzau ake ce mata. Baba malami ne, wataƙila ya karantar da wannan a aji. Ku tambaye shi, ku bar shi ya ba jikokinsa labarin da bakinsa, ko da maganar tana fita a hankali.

Ranar da kuka isa, hutu ne kawai. Shawararmu ku tafi Asabar, ku yi yawo Lahadi da Litinin, ku dawo Talata. Zaman bai kai kwana huɗu ba, don haka sauƙin ƙasaru yana nan, haɗa azahar da la'asar a hanya kuma zai rage hawa da sauka.

Abu guda ki fahimta game da Abuja: don mota aka tsara ta. Titunan faffaɗa ne, wurare suna nesa da juna, dakalin gefen titi yana da tsayi, wasu ramukan kwata ba murfi, gadojin tsallaka titi kuma hawa ne mai yawa. Kada ku ce za ku tura shi daga wannan wuri zuwa wancan. A kai shi bakin ƙofa da mota, a ɗauke shi a bakin ƙofa. Amma wannan tsarin shi ne kuma ribarku, domin birnin daga tagar mota ya fi kyan gani. Safiyar Lahadi tituna fayau suke. Ku baro Kubwa wajen ƙarfe tara da rabi, ku shigo ta Maitama ku hau titin Shehu Shagari. Za ku wuce Unity Fountain mai ɗauke da sunayen jihohi kusa da otal ɗin Transcorp Hilton, ku zo Sakatariyar Tarayya da Dandalin Eagle inda ake rantsar da shugaban ƙasa, ku hango koriyar ƙubbar Majalisar Tarayya da Dutsen Aso a bayanta, mai tsayin kusan mita 400. A wannan yanki direba ya rage gudu amma kada ya tsaya, kuma a ajiye waya, jami'an tsaro ba sa son ɗaukar hoto a nan. Daga nan ku zaga ta ginin Babban Bankin Najeriya da dogayen benayen NNPC, ku miƙa har babban filin wasa da aka gina don gasar wasannin Afirka ta 2003, wanda aka sa wa sunan Moshood Abiola a 2019, ku kai Ƙofar Birni a hanyar filin jirgi, ku juyo. Awa ɗaya da ɗan wani abu ya isa, Baba bai sauka ko sau ɗaya ba. Ku guji ranakun bukukuwan ƙasa irin 1 ga Oktoba da 12 ga Yuni, ana rufe hanyoyin kewayen Dandalin Eagle.

Sai ku ƙare a Masallacin Ƙasa kafin azahar. An gina shi a 1984, ƙubba mai ruwan zinariya da hasumiya huɗu, a kan titin Independence, yana kallon Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa. Mun san zuciyar Baba Juma'a za ta so, amma ranar Juma'a motoci suna cika tun daga nesa, ga turereniya wajen fita, keke kuwa a cikin turereniya ba ya gaba ba ya baya. Azahar ɗin Lahadi za ta ba shi sarari ya zauna ya ɗaga kai ya kalli cikin ƙubbar yadda yake so. In ya dage sai Juma'a, to a canza ranakun tafiya, a isa tun ƙarfe sha ɗaya da rabi, a zauna kusa da ƙofa, a jira jama'a su watse kafin a motsa.

Nan ne aikin ƙaninki na Kubwa. Mako guda kafin ku zo, ya je masallacin da kansa, ya gaida masu gadi, ya ce zai kawo mahaifinsa a keke, ya tambayi ƙofar da mota za ta fi matsowa da hanyar da ta fi ƙarancin matakala. Ya bi hanyar da ƙafarsa tun daga inda za a sauke Baba har sahu, ya ƙirga matakalar, ya turo muku hoto. Haka zai yi a kowane wurin da za ku sauka, har da lokacin buɗewa. Ya auna ƙofar ban ɗakin gidansa ma, in kuma a bene yake zaune a nemi ɗaki a ƙasa wurin maƙwabci tun yanzu. Ki lura kuma ke ba za ki shiga ɓangaren maza da shi ba, don haka maza biyu masu ƙarfi dole ne a tafiyar nan.

A yi alwala a gida, ko a riƙe dutsen taimama idan ta karye kuma ruwa ya yi wuya. Wurin alwalar jama'a jiƙaƙƙen tayil ne, sanda tana zamewa a kai, ba wurin mai ƙafa ɗaya mai ƙarfi ba ne. A bakin ƙofa a goge tayoyi da jiƙaƙƙen tsumma, in an nemi a bar keken a waje sai a mayar da shi kujerar roba a ƙarshen sahu. Sallarsa a zaune cikakkiya ce, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Babbar riga kuwa, ko da yake ita ce kwalliyar ranar, hannuwanta suna shiga cikin taya. A tattare su a cinyarsa, ko ya sa kaftani a ɗora masa babbar rigar in an tsaya. Kada kuma a bar shi shi kaɗai a bakin ƙofa a tafi neman fakin. Wani da kyakkyawar niyya zai iya miƙa masa sadaka don ya gan shi a keke, dattijon da ya yi rayuwarsa yana karantarwa kuwa wannan zai iya ɓata masa yinin gaba ɗaya. In ana magana a kansa, a bar shi ya amsa da kansa.

Ga yadda ake bi da tudu da matakala. In dakali ɗaya ne za a hau, a fuskance shi, mai turi ya taka ƙarfen da ke ƙasan bayan keke ya danna hannuwa, ƙananan tayoyi su ɗaga su sauka a kan dakalin, sannan a tura manyan su hau. Wajen sauka da baya ake yi, manyan tayoyi su fara sauka a hankali. Wanda ya sauko da gaba, ƙananan tayoyin za su dunguri ƙasa, mutum ya kife. In matakala uku ne ko huɗu, da baya ake hawa: mai ƙarfi a sama riƙe da hannuwan keke ya kwantar da shi kan manyan tayoyi, na biyu a ƙasa riƙe da ƙarfen jikin keken, a hau ɗaya a huta. Kada na ƙasa ya kama matakin ƙafa ko madogarar hannu, yawancinsu cirewa suke yi, sai su taho a hannunsa. Gangaren siminti da aka yi don keke, ƙa'idarsa duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Da yawa an yi su da tsayi fiye da haka. In kun ga gangare ya miƙe, a sauka da baya, mai turi yana tokare da jikinsa. Akwai dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, ta kuma ba irin su Baba fifiko a layi. Wa'adin ya cika, gyaran bai kai ko'ina ba, amma ku san cewa in kun nemi a buɗe muku ƙofar gefe ko a ba ku gaba, haƙƙi kuke nema. A nema da ladabi, yawanci ana yi.

Litinin ku bari sai bayan ƙarfe goma, lokacin cunkoson ma'aikata daga Kubwa ya lafa. Ku nufi Millennium Park a Maitama, lambun da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe ranar 4 ga Disamba 2003, faɗinsa kusan hekta 32, kuma shiga kyauta ne. Rafi ya raba shi biyu. Abin da ya sa ya dace da ku shi ne doguwar hanya miƙaƙƙiya da aka shimfiɗe da farin dutse daga mashiga, keke yana tafiya a kanta sumul. Ku tsaya a kanta. Ciyawa tana da kyan gani amma ƙananan tayoyi suna nutsewa, musamman in an yi ruwa ko an yi ban ruwa. In kuna son inuwar bishiya da ke cikin ciyawa, a kwantar da keken kan manyan tayoyi a ja shi da baya. Ranar aiki ba kowa sosai, saɓanin yammacin Lahadi da ranakun salla. Awa ɗaya ta isa. Ku riƙe lema da hula da ruwa, don wanda ke zaune a keke ya fi kusa da zafin da dutse ke fitarwa, ƙarfen keken ma yana ɗaukar zafi har ya ƙona fatar da ba ta ji.

Daga nan sai Jabi. Babban kantin Jabi Lake Mall da aka buɗe a 2015 yana bakin tafki, shiga ba a biya, kuɗin fakin kawai za ku tanada. Daɓensa a shafe yake, akwai sanyi, akwai lif, akwai masai na zama, kuma ta bayansa ana kallon ruwa. Ba dole ku sayi komai ba. Matakala mai tafiya da kanta kuwa ba a hawanta da keke ko da mutum nawa ne ke riƙe. Ku kama hanyar Kubwa kafin ƙarfe uku, in ba haka ba cunkoson tashi daga aiki zai ƙara masa awa guda ko fiye a zaune. Wuri biyu a rana shi ne iyaka. In ya ce ya gaji bayan na farko, a koma gida, ko da saura yana cikin tsari.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa farkon Disamba: ruwa ya ɗauke, gari bai yi zafi ba, hazo bai sauko ba. In hunturu ya kankama ƙura tana rufe Zuma da Aso har a rasa abin gani, ga tari. Fabrairu zuwa Afrilu zafi ne mai tsanani. Lissafin mai kuwa, zuwa da dawowa da yawon cikin gari zai kai kilomita 700. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci kamar lita 70. A dafa abinci a gida a zuba a kula, hakan ya fi araha kuma ku ne kuka san gishirin da ke ciki. Ku ware ɗan canji na fakin, da wani abu da ba za a taɓa ba sai in an je asibiti.

Magunguna a ɗauki na kwana bakwai ko da tafiyar ta kwana huɗu ce, a jakar hannu, nesa da zafin gaban mota. Kowane dare wanda ke masa wanka ya duba mazaunai da ƙashin gindin baya da dugadugai. In an ga wuri ya yi ja ko ya fi kewayensa duhu ko zafi, kuma bai koma daidai ba bayan rabin awa da sauke nauyi, gobe ba zama a kansa, a kwantar da shi ta gefe, kada a murza wurin. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, asibiti ne nan take. Haka in baki ya karkace, ko magana ta sarƙe fiye da yadda kuka saba, ko wani sabon rauni ya bayyana, ko ya ruɗe: kada a ba shi ruwa ko abinci ko magani ta baki don zai iya shaƙewa, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a nufi babban asibiti mafi kusa. Asibitin Ƙasa yana tsakiyar birnin, Kubwa ma akwai babban asibiti, lambar gaggawa kuma 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra a kan hanya 122.

Ranar dawowa a bi tsarin zuwa ba ragi: tashi da sassafe, tsayawa biyu, ruwa, miƙewa. A nan mutane suke sakaci don ɗokin gida, alhali jikin ya riga ya tara gajiyar kwana uku. In kun iso Zariya a ba shi kwana biyu na hutu kafin 'yan sannu da zuwa su cika ɗaki, a ci gaba da auna jini safe da yamma, sannan ya koma gashinsa a ranar da aka saba.